Daga Zaurance Zuwa Mabuɗin Lambobi: Tarihin Ɓoye Murya a Rediyon Oba-oba

Rediyon oba-oba ba shi da sirri a asalinsa. Duk wanda ya daidaita na'urarsa a zangon da mai magana yake, zai ji komai. A yanki irin na Mokolo, hedikwatar Mayo-Tsanaga a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, inda hare-haren Boko Haram suka yi ƙamari tun 2014, kalma guda da ta faɗa kunnen maƙiyi tana iya jawo wa ayari kwanton ɓauna a duwatsun Mandara.

Dabarar farko ta yi kama da zaurance. Kamar yadda yaro ke juya “gida” ta koma “dagi”, haka na'urar ke juya murya, sautin sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Raunin kuwa iri ɗaya ne: wanda ya gano ƙa'idar ya gama da sirrin. Haka Jamusawa suka warware na'urar A-3, wadda ke yayyanka murya tana sauya wa gutsattsarinta wuri, suka riƙa sauraren wasu hirarrakin Churchill da Roosevelt daga wata tasha a Holan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Maganin ya zo a 1943 da SIGSALY, wadda Bell Labs ya ƙera a Amurka. A nan aka fara mayar da murya lambobi, sannan a gauraya su da wasu lambobin da ba su bin kowane tsari, waɗanda aka naɗa a faifai biyu masu kama ɗaya, ɗaya wurin mai magana, ɗaya wurin mai saurare. Wanda ba shi da faifan sai dai ya ji shuu. Nauyin kowace tasha ya kai kimanin tan 50, abin da a yau ɗan ƙwayar lantarki ke yi a cikin oba-oba ta hannu, da tsarin AES da aka amince da shi a 2001.

A ganina, ɗalibi ya fi kyau ya zuba ido a kan mabuɗin. A 2023 masu bincike na Midnight Blue a Holan sun nuna cewa tsarin TEA1 na rediyon TETRA yana rage mabuɗinsa daga bit 80 zuwa 32, har kwamfutar cinya ta iya fasa shi cikin kimanin minti ɗaya. Haka kuma oba-oba ɗaya da ta faɗa hannun maƙiyi tana buɗe masa maganar rukunin gaba ɗaya, har ranar da aka sauya mabuɗi a kowace na'ura.