Injin jirgin ruwa a Tafkin Kainji

Injin jirgin ruwa na ɗaurawa inji ne da ake maƙala shi a katakon bayan kwale-kwale ko jirgin fito domin ya tura shi a kan ruwa. Inji da giya da farfela duk a jiki ɗaya suke, saboda haka ana iya kwance shi a ɗauke a kai gida ko wurin bakanike. A Tafkin Kainji, musamman a ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi, wannan inji ne ke ɗaukar masunta da 'yan kasuwa da manoma tsakanin garuruwan gaɓa. Matuƙa da makanikai na yi masa gyare-gyare domin ƙara masa gudu ko ƙarfin jan kaya, kamar yadda masu sha'awar motoci ke yi wa injinansu. Sai dai ƙarin ƙarfin inji ba ya ƙara yawan kayan da jirgi zai iya ɗauka, kuma wannan batu na da alaƙa da haɗurran da ake samu a tafkin.

Yankin

Tafkin Kainji ya samu ne bayan gina madatsar Kainji a kan Kogin Neja, wato Kwara, daga shekarar 1964 zuwa 1968. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,270, tsawonsa kuma ya haura kilomita 130, daga madatsar har zuwa kusa da Yelwa. Ruwan ya cinye garuruwa da tsibirai da dama, an kuma sake tsugunar da mutane kusan 44,000. Masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi Yauri da Ngaski da Shanga, tana gefen gabas da arewacin tafkin, yayin da Borgu da Agwara na Jihar Neja ke tsallake.

Tun kafin madatsar, Gungawa da Sarkawa da sauran mazauna bakin kogi sun shahara da tuƙi da filafili da gora. Bikin Rigata da ake yi a Yauri, mai tseren kwale-kwale da ninkaya, ya samo asali ne daga wannan gwaninta. Da kogi ya zama tafki, tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ta ƙaru sosai, zurfin ya wuce na gora, iska kuma ta samu filin tayar da igiyar ruwa. Hakan ya sa inji ya zama abin da ba makawa ga duk mai son kai kaya kasuwar Yelwa ko ta Wara ya dawo a rana ɗaya.

Tarihin injin

Ole Evinrude, ɗan asalin ƙasar Norway da ke zaune a Amurka, shi ne ya fara ƙera injin ɗaurawa da ya samu karɓuwa a kasuwa, a birnin Milwaukee a shekarar 1909. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da nasa na farko a 1960, Honda kuma ta fitar da mai bugu huɗu a 1964. Daga baya Yamaha ta ƙera jerin injinan da ta kira Enduro, waɗanda aka tsara domin aikin yau da kullum a wuraren da ruwa ke da laka, mai ba shi da tsabta, kayan gyara kuma ke da nisa. Cikinsu har da waɗanda ake tayarwa da fetur sannan su ci gaba da aiki da kananzir. Waɗannan injina sun yaɗu a kogunan Najeriya, tare da na Suzuki da Mercury da Tohatsu. An daina ƙera injinan Evinrude a shekarar 2020.

Yadda yake aiki

Injin ya kasu kashi uku. Sama akwai kai, inda silinda da fistin da kafireta da fulogi suke. Tsakiya akwai doguwar ƙafa da sandar juyi ke bi ta cikinta. Ƙasa, cikin ruwa, akwai akwatin giya da farfela. Wani ƙaramin famfo mai fukafukan roba yana zuƙo ruwan tafki ya zagaya da shi jikin silinda domin sanyaya ta, sannan ya fesar da kaɗan ta wata kafa a baya. Matuƙi kan waiwaya ya duba wannan feshin. Idan ya ɗauke, inji na gab da yin zafi.

Yawancin injinan aiki masu bugu biyu ne, wato fistin na samun wuta a kowane juyi ɗaya na karanshaf. Mai bugu huɗu, irin na mota, sai ya yi juyi biyu kafin wuta ɗaya. Mai bugu biyu ya fi sauƙin nauyi da sauƙin kwancewa, ba shi da bawul irin na mota, amma ya fi shan mai da hayaƙi. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, don haka ana gauraya man inji a cikin fetur. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 na man inji cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Sabon inji kuwa, ko wanda aka yi wa garambawul, akan ninka masa man a sa'o'i goma na farko.

Ana auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, kowane doki ɗaya kimanin wat 746. Lambar da ke rubuce a murfin inji, kamar 15, 25, 40, 60 ko 75, ita ce wannan ƙarfi. Yamaha E40X, alal misali, yana da silinda biyu da girman cc 703, kuma an tsara shi ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan aka buɗe masa wuta duka. Masunta sun fi amfani da ƙananan injina, manyan jiragen kasuwa kuma da manya.

Gyare-gyaren ƙara ƙarfi

Canza farfela shi ne gyara mafi sauƙi kuma mafi tasiri. Kowace farfela na da karkata da ake aunawa da inci, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya. Mai ƙaramar karkata tana kama da giya ta ɗaya a mota: tana jan nauyi amma ba gudu. Mai babbar karkata kuwa tana ba da gudu idan jirgi ba kaya. Ƙarin inci ɗaya kan rage juyin inji da kimanin 150 zuwa 200 a minti. Idan aka sa babbar farfela a jirgi mai lodi, inji ba zai kai juyin da aka tsara masa ba, sai ya riƙa wahala yana tara baƙin toka. Idan kuma ta yi ƙanƙanta, juyin ya wuce ƙima, karanshaf da boris su lalace.

Na biyu shi ne faɗaɗa ramin silinda. Idan bangon silinda ya cinye, ana yashe shi a sa fistin da zobe masu ɗan girma, galibi da milimita 0.25 ko 0.50. Wannan gyara na maido da matsin da inji ya rasa. Ƙarin girman da yake kawowa kaɗan ne ƙwarai, don haka ƙarfin da matuƙi ke ji bayan aikin shi ne na asali da ya dawo.

Na uku shi ne taɓa kafireta, ta hanyar canza 'yan ƙananan bututun da ke auna mai. Wasu na faɗaɗa su don neman ƙarfi, wasu na matse su don rage shan mai. Matsewar ta fi haɗari a inji mai bugu biyu, domin rage fetur rage man shafawa ne a lokaci guda. Inji sai ya yi zafi, fistin ya kama ko ya huje.

Akwai kuma yashe kan silinda don ƙara matsi, da faɗaɗa kafofin shigar mai da fitar hayaƙi. Waɗannan dabaru ne da aka sani a tseren babura da jirage. Suna buƙatar fetur mai inganci, kuma suna rage wa inji kwana. A wasu kamfanoni injina biyu masu lamba daban kan fito daga gangar jiki ɗaya, bambancinsu kafireta ne da saitin wuta, shi ya sa ake iya ɗaga ƙarami zuwa babba ta musayar sassa.

Hanya ta ƙarshe ita ce ƙarin inji gaba ɗaya: a cire mai doki 40 a sa mai 75, ko a ɗaura biyu a jere. Inji biyu na da fa'ida ɗaya babba, idan ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa ɗayan zai kai jirgi gaɓa. A ƙasar Tailan an bi wata hanya daban, inda ake ɗora injin mota a bayan jirgi a haɗa shi da doguwar sanda mai farfela a ƙarshenta.

Iyakar ƙarfin inji

 A ruwa, ƙarin ƙarfi ba ya komawa gudu kai tsaye. Jirgin katako mai lodi yana ture ruwa ne da ƙirjinsa, ba ya hawa samansa kamar ƙaramin jirgin gudu na roba. A irin wannan tafiya, ƙarfin da ake buƙata na ƙaruwa da sauri fiye da gudun: ninka gudu sau biyu na neman kusan ninki takwas na ƙarfi. Bisa wannan lissafi, sauya inji mai doki 40 da mai 75 ba zai ƙara gudu da abin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, alhali shan mai ya kusa ninkawa.

Nauyin da jirgi ke iya ɗauka kuwa ya dogara ne da girman cikinsa. Kowane tan ɗaya na kaya yana nutsar da jirgi har sai ya ture ruwa mai nauyin tan ɗaya, komai ƙarfin injin da ke baya. Abin da babban inji ke yi shi ne ya sa jirgin da aka cika fiye da ƙima ya iya motsawa. A da, nauyin filafili a hannu kan sanar da matuƙa cewa lodi ya yi yawa. Inji ya kawar da wannan gargaɗi.

Babban inji na kuma ƙara wa katakon baya nauyi da girgiza. A tsohon jirgi, girgizar na sassauta ƙusoshi da toshiyar da ke tsakanin katakai. Gudu kuma na ƙara munin karo: idan gudu ya ninka, ƙarfin bugun ya ninka sau huɗu.

Yanayin tafkin

Ba a sare dukkan itatuwan da ke kwarin ba kafin ruwa ya cika shi, saboda haka kututturai da yawa na nan a ƙarƙashi. Ruwan tafkin na hawa da sauka da mita da dama a shekara. Ana samun cikar farin ruwa a ƙarshen damina, da ta baƙin ruwa da ke isowa daga can saman kogin a lokacin sanyi. Idan ruwa ya ja, kututturen da aka wuce ta kansa lafiya a watan jiya na iya zama dab da fuskar ruwa. Bugunsa na karya farfela, ya fasa akwatin giya, ko ya tsaga cikin jirgi.

Kainuwa da ciyawar burgu da yagaggun taru na naɗe farfela, su kuma toshe kafar shan ruwa. Laka da yashi na cinye robar famfo. Guguwar farkon damina kan taso ba zato, kuma jirgin da injinsa ya mutu a lokacin yakan juya gefensa ga igiyar ruwa, wanda shi ne yanayi mafi haɗari.

Kuɗin mai

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa. Kuɗin man tafiya ɗaya kusan ɗaya ne ko jirgi ya cika ko bai cika ba, don haka matuƙi na fuskantar matsin ya ƙara fasinja da kaya a kowane sawu. Tsadar ta kuma sa ana jinkirta sauya fulogi da robar famfo, ana rage man gauraye, ko a yi amfani da baƙin man mota a madadin wanda aka yi domin inji mai bugu biyu. Inji mai bugu huɗu ya fi tattalin mai, amma ya fi tsada da nauyi, gyaransa kuma ya fi buƙatar kayan aiki.

Haɗurra da dokoki

Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ya tsage ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane sama da 150. Kimanin mutum 20 kaɗai aka ceto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, ta danganta haɗarin da tsufan jirgin da yawan lodi, ta kuma ce akwai babura 30 a ciki. Kowane babur ya haura kilo 100, wato fiye da tan uku ke nan kafin a ƙidaya mutum ko ɗaya. A ranar 2 ga Oktoba 2023 wani jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa daga yankin Agwara zuwa Yauri ya kife, mutane da dama suka ɓace.

An kafa NIWA a shekarar 1997, hedikwatarta na Lokoja, tana kuma da ofishin yanki a Yauri. Dokokin sufurin ruwa na 2023 sun hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima, sun kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, HYPPADEC, ta raba irin waɗannan riguna a garuruwan gaɓar tafkin. Aiwatar da dokokin na da wuya, saboda mashigai ƙanana na da yawa, kuma ƙauyuka da dama ba su da wata hanyar zuwa kasuwa ko asibiti sai ta ruwa.