In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Nazarin Isar da Saƙon Kwashe Jama'a Lokacin Wutar Daji a Tudun Jukun da Ƙauyukan Kewayen Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda saƙon gaggawa yake isa ga jama'a idan wuta ta tashi a lokacin hunturu har ta kai ga sai an kwashe mutane daga gidajensu. An ɗauki unguwar Tudun Jukun da ƙauyukan da ke kewaye da birnin Zariya a matsayin farfajiyar nazari, aka auna hanyoyin sadarwarsu da ra'in Mileti da Sorensen (1990), tare da kwatanta su da abin da ya faru a Majiya da Maraɗi da wasu garuruwan Amurka. Nazarin ya nuna cewa al'ummar ba ta rasa kafofin shela ba. Matsalar tana cikin abin da shelar take faɗa, domin kururuwar gobara da Bahaushe ya gada kira ce ta a taho, ba ta a tashi ba. Maƙalar ta ba da shawarar a ware saƙon kwashewa daban, a kuma shirya shi tun kafin ranar buƙatarsa.

Muhimman kalmomi: wutar daji, hunturu, shela, kwashe jama'a, Zazzau

1.0 Gabatarwa

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana busowa ƙasar Zazzau daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da hazo. Lokacin ne ciyawa take bushewa ƙamas, kuma lokacin ne manomi yake tara dukiyar shekararsa a kusa da makwancinsa: damman dawa a bakin rumbu, harawa a kan rufi da rassan itace, kara a jingine da danga. A wannan lokaci kuma mafarauta sukan cinna wa daji wuta don koro gafiya da zomo, makiyayi yakan ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tofo, tsoho kuma yakan kwana da garwashi a kasko saboda sanyi. Kowanne da hujjarsa, amma iska ba ta tambayar hujja.

Yawancin maganar da ake yi kan gobara a ƙasar nan tana tsayawa ne kan motar kwana-kwana da ruwan kashe wuta. Ba a cika waiwayar mintocin da ke tsakanin ganin hayaƙi da isowar harshen wuta ba, alhali a cikinsu ne rai yake kuɓuta ko ya salwanta. Tambayoyin wannan nazari uku ne: wa yake sanarwa, me yake faɗa, kuma wane ne saƙon yake tsallakewa?

2.0 Dabarun Bincike da Ra'i

An bi hanyar nazarin kwatance. An dubi tsarin zama da kafofin sadarwa na Tudun Jukun da ƙauyukan yankunan Kufena da Dambo da Dutsen Abba da Wuciciri, sannan aka jera su da gobarar da tarihinta ya tabbata a wasu wurare.

Ma'aunin da aka ɗauka shi ne na Dennis Mileti da John Sorensen, waɗanda a 1990 suka tattara binciken shekaru masu yawa kan gargaɗin bala'i a Amurka. Sun nuna cewa mutum ba ya zabura da jin gargaɗi kawai. Sai ya ji, ya fahimta, ya gaskata, ya yarda cewa da shi ake, ya nemi tabbaci wurin wani, kafin ya ɗaga ƙafa. Sun kuma nuna cewa saƙo mai aiki yana ɗauke da abu biyar: mene ne haɗarin, ina yake, me za a yi, yaushe, kuma daga bakin wa maganar ta fito. Wannan ra'i ya dace da shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022, wanda ya nemi kowane mutum a duniya ya samu kariyar gargaɗin wuri kafin ƙarshen 2027.

3.0 Tudun Jukun da Kafofin Shelarta

Tudun Jukun tana gefen tsohon birnin Zariya, maƙwabciyar Tudun Wada da Tukur-Tukur. Wannan yanki yana da tarihi a harkar isar da labari, domin a nan kusa Kamfanin Gaskiya ya zauna tun 1945, inda aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam yana editanta. Unguwa ce mai cunkoso da lunguna, kuma mazaunanta da yawa suna da gona ko dangi a ƙauye. Saboda haka matsayinta biyu ne a wannan nazari: wuri ce da gobara za ta iya tilasta wa mutane ficewa, kuma masauki ce da mutanen ƙauye za su nufa idan an kwashe su.

Kafofin shela a nan da ƙauyukan kewaye huɗu ne. Na farko sarƙar sarauta, daga fadar Zazzau zuwa hakimi, dagaci, har mai unguwa da mai shelarsa. Na biyu lasifikar masallaci. Duk wanda ya zauna a irin wannan unguwa ya san yadda take aiki: bayan sallar Magariba ladan zai bubbuga abin magana, ya yi sallama, ya ce ana cigiyar yaro mai shekara huɗu sanye da riga shuɗiya. Kafin ya maimaita na uku, mai shayi ya ajiye ludayi, mata sun yi tsit a tsakar gida, yara sun bazu lungu-lungu. Babu wata kafa da take da irin wannan iko da kunnuwan jama'a. Na uku rediyo, musamman Rediyon Tarayya na Kaduna da tashoshin FM na Zariya, ga kuma shirye-shiryen manoma da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta daɗe tana yi. Na huɗu wayar hannu da zaurukan WhatsApp na unguwa da na 'yan sintiri.

4.0 Sakamakon Nazari

4.1 Kururuwar da Take Kiran Mutane Zuwa ga Wuta

Idan aka ji "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!" kowa ya san abin yi. Namiji zai sunkuci bokiti, yaro zai cika kwano da ƙasa, mata za su miƙo ruwan randa ta kan katanga. Wannan ɗabi'a ce mai daraja, ita ta ceci gidaje marasa adadi a wuraren da motar kwana-kwana ba ta iya kutsawa. Amma ma'anarta guda ce: ku taho. Harshen shelarmu ba shi da wata kalma ko alama da kowa ya sani mai cewa wutar ta fi ƙarfin bokiti, a bar ta a tsira da rai. Idan wutar daji ta taso da iska a bayanta, kururuwar da aka saba za ta tara jama'a daidai inda ya kamata su watse.

Wannan matsala ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Ranar 8 ga Agusta 2023 wuta ta cinye garin Lahaina na tsibirin Maui a jihar Hawai ta Amurka, mutum wajen 100 suka mutu, kuma ba a kaɗa jiniyar gargaɗi ba. Jami'in da ke kula da ita ya kare kansa da cewa mutane sun saba jin jiniyar a matsayin gargaɗin ambaliyar teku, da an kaɗa da sun gudu tudu, wato cikin wutar. Ko an yarda da hujjarsa ko ba a yarda ba, darasin yana nan: alama tana ɗauke da ma'anar da aka koya wa mutane tun tuni, ba wadda mai kaɗa ta yake nufi a ranar ba.

A gida kuma, abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, ya nuna wani ɓangaren. Tankar mai ta kife, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Gargaɗin a matsa ya yi karo da talauci. Haka zai kasance ga manomin da aka ce ya bar rumbunsa cike da hatsin shekara, ko makiyayin da aka ce ya bar shanunsa a turke. Saƙon da bai ce komai game da dukiya ba, da yawa daga cikin masu jinsa za su koma ɗaukarta.

4.2 Waɗanda Saƙo Yake Tsallakewa

Wutar daji ta fi ƙarfi da tsakar rana zuwa la'asar, lokacin da zafi da iska suka haɗu. A daidai wannan lokaci maza suna kasuwa ko gona ko wurin aiki. Rukuni na farko, waɗanda ke gida, su ne mata da ƙananan yara da tsofaffi, a gidajen da ƙofarsu ɗaya ce, ta zaure. Matar da ke cikin kulle tana jin lasifika sarai, amma matakin neman tabbaci da Mileti da Sorensen suka ambata ya fi tsawo a wurinta. Za ta aiki yaro ya dubo, za ta nemi maigida a waya, za ta jira abin da uwargida ko surukarta za ta ce. Kowane mataki mintoci ne. Malamai sun yi ittifaƙi cewa tsare rai yana gaba, amma hukuncin da ke cikin littafi ba ya buɗe ƙofa sai an faɗe shi a kan mumbari, maigida kuma ya nanata shi a tsakar gidansa.

Rukuni na biyu yara ne da ke hannun makaranta. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, watanni bakwai bayan irin wannan ta faru a Yamai. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar wata makarantar allo a Ƙauran Namoda. Yaro ba ya fassara shela, abin da aka gwada masa yake yi. Rukuni na uku mazauna rugage da tungayen da ke nesa da masallacin gari, waɗanda su ne wuta take fara cimmawa, su ne kuma lasifika ba ta kai wa. Sai kurame da makafi da majinyata, waɗanda ba sanarwa kawai suke buƙata ba, hannu suke buƙata.

4.3 Iyakar Wayar Hannu

Waya tana da sauri, amma ba abin jingina ba ce ita kaɗai. A gobarar da ta hallaka mutum 85 a garin Paradise da kewayensa a Kalifoniya, wadda ta tashi ranar 8 ga Nuwamba 2018, saƙon waya bai kai ga mutane da yawa ba, domin sai wanda ya yi rajista ake aika wa, kuma wutar ta lalata turakun sadarwa. A nan gida, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 an katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, daidai shigowar kaka. Ga rashin caji, ga kuma jita-jita. A yankin da ya sha harin 'yan bindiga, saƙon murya mai cewa "ku fito ku gudu" daga lambar da ba a sani ba yana iya sa mutane su ƙara garƙame ƙofa. Murya sananniya ce kawai take warware wannan shakka.

5.0 Shawarwari

Na farko, a ware alamar kwashewa daban da ta neman ɗauki. Dagaci da limamai da 'yan sintiri su tsayar da kalma ɗaya da sauti ɗaya, ko bugun ƙarfe ko usur, a koya wa kowa, kada a yi amfani da shi don wani abu.

Na biyu, a rubuta saƙon tun da wuri a liƙa kusa da lasifika, da gurbin da za a cike. Misali: "Jama'a, mai unguwa ne ke magana. Wuta ta taso daga gabas, ta fi ƙarfin kashewa. Kowa ya fito yanzu, mata da yara a gaba. A bi hanyar kudu zuwa filin makaranta. A kwance dabbobi, kada a koma ɗaukar kaya." Abubuwa biyar ɗin nan duka suna ciki, kuma bai kai minti guda ba. A zaɓi matattarar da ba ta da ciyawa, wadda hanyarta take ratsa iska a kaikaice, ba wadda iska take kora wuta zuwa gare ta ba.

Na uku, a yi huɗuba a farkon hunturu kan fitar mata lokacin haɗari, a kuma sa ungozomomi da malaman Islamiyyar mata cikin masu kai saƙo gida-gida. Na huɗu, kowace ruga da tunga a ba ta ɗan acaɓa sananne da lambar waya biyu. Na biyar, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) da takwararta ta Jihar Kaduna su haɗa kai da masarauta da gidajen rediyo, domin a riƙa maimaita labari a kai a kai bayan an fita: ina wutar ta kai, wa aka gani, yaushe za a koma. Wanda bai ji labarin ɗansa ko awakinsa ba zai koma ya duba da kansa. A nan ne unguwa irin Tudun Jukun take da rawar takawa, ta hanyar buɗe makarantu da masallatai da rubuta sunayen waɗanda suka iso.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ƙasar Zazzau tana da abin da ƙasashe masu arziki suke kashe kuɗi su nema, wato murya da jama'a suka sani suka kuma amince da ita, a kowace unguwa, sau biyar a rana. Abin da ya rage shi ne a ba wannan murya kalmomin da za ta faɗa ranar da bokiti ya kasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan aiki shi ne watan Oktoba, sa'ad da dawa take tsaye a gona, ciyawa kuma da sauran ɗanyenta.