Darussan Bambancin Al'umma da Adalcin Zamantakewa a Jami'o'in Amurka

Darussan bambancin al'umma da adalcin zamantakewa kwasa-kwasai ne na share fage da jami'o'in Amurka da dama ke koyar da sababbin ɗalibai. Suna nazarin yadda launin fata, jinsi, addini, naƙasa da matsayin arziki ke shafar rabon dama da iko tsakanin jama'a.

Tushensu yana cikin fafutukar neman 'yancin baƙaƙen fata da yajin ɗaliban Kwalejin Jiha ta San Faransisko na 1968, wanda ya haifar da tsangayar nazarin ƙabilu a 1969. A 2020 Kalifoniya ta wajabta darasin nazarin ƙabilu ga ɗaliban Jami'ar Jihar Kalifoniya. A 2023 kuwa Fulorida ta kafa dokar da ta taƙaita koyar da irin waɗannan batutuwa a jami'o'in gwamnatinta.