Tarihin Ƙaurar Ma'aikatan Jinya daga Tsibiran Karibiyan

Ƙaurar ma'aikatan jinya daga tsibiran Karibiyan masu amfani da Ingilishi, irin su Jamaika da Barbados da Tirinidad da Tobago, tana cikin daɗaɗɗun hanyoyin ci-ranin ƙwararru a duniya. Shekaru da dama ke nan waɗannan ƙananan ƙasashe ke horar da nas-nas da kuɗin baitulmalinsu, Birtaniya da Amurka da Kanada kuma suna kwashe su. Ƙarancin ma'aikata da asibitocin yankin ke fama da shi a yau ya samo asali ne daga wani tsari da aka kafa tun zamanin mulkin mallaka, wanda ya sa takardar shaidar aikin jinya ta zama guzurin fita waje.

Asalin aikin jinya a tsibiran

Kafin zuwan makarantun jinya, mata masu maganin gargajiya da ungozomomi ne ke duba marasa lafiya a gonakin rake da garuruwan bakin teku. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Mary Seacole, haifaffiyar Kingston a 1805, wadda ta koyi sana'ar a hannun mahaifiyarta, ta kuma je ta yi jinyar sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya cikin shekarun 1850. Asibitocin gwamnatin mulkin mallaka, kamar babban asibitin Kingston da aka kafa a 1776, sun daɗe a hannun shugabannin nas-nas da ake turowa daga Ingila, 'yan ƙasa kuwa suna ƙananan matakai. Manhaja da jarrabawa da harshen koyarwa duk na Ingila ne. Don haka duk wadda ta ƙware a Kingston ko Bridgetown ta riga ta dace da asibitin Landan.

Ƙungiyar nas-nas ta Jamaika ta kafu a 1946, jami'ar yankin kuma ta buɗe a Mona a 1948, daga baya aka gina mata asibitin koyarwa. A wannan zamani ne 'yan ƙasa suka fara hawa manyan kujeru. Nita Barrow, 'yar Barbados, ta zama babbar jami'ar jinya ta Jamaika a shekarun 1950, ta kuma ƙare rayuwarta tana Gwamna-Janar ta ƙasarta daga 1990 zuwa 1995.

Kiran Birtaniya

A 1948 abubuwa uku suka haɗu. Jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan 'yan Karibiyan a tashar Tilbury a watan Yuni, hukumar lafiya ta ƙasar Birtaniya, wato NHS, ta soma aiki ranar 5 ga Yuli, sannan dokar zama ɗan ƙasa ta wannan shekara ta ba mutanen ƙasashen mallaka izinin zama da aiki a Birtaniya. Sabuwar hukumar ta tashi da giɓin ma'aikata mai yawa, musamman a asibitocin masu taɓin hankali da na tsofaffi da na tarin fuka, inda 'yan ƙasar ba su son aiki. Daga 1949 aka shiga neman 'yan mata kai tsaye daga tsibiran, ana tallata guraben karatu a jaridu, ana tantance masu nema tun a gida. Gwamnatin Barbados, wadda rashin aikin yi ya dame ta, har rancen kuɗin jirgi ta riƙa bayarwa.

Dubban 'yan mata sun amsa kiran da niyyar yin karatu su dawo. Sai dai an karkatar da da yawansu zuwa kwas na shekara biyu mai ƙaramar daraja, maimakon na shekara uku da ke ba da cikakkiyar rajista. Takardar ƙaramin kwas ɗin ba ta kai mutum ga ƙarin girma, kuma ba ta da wani tasiri a gida, don haka komawa ta yi wuya. Duk da wariyar launin fata a wurin aiki da wajen neman gidan haya, wasu sun yi fice: Daphne Steele, 'yar Guyana, ta zama baƙar fata ta farko da ta shugabanci nas-nas na wani asibitin NHS a 1964.

Juyawa zuwa Amurka da Kanada

Dokar shige da fice ta 1962 ta taƙaita shigar mutanen ƙasashen renon Ingila cikin Birtaniya, a shekarar da Jamaika da Tirinidad suka sami 'yancin kai. Ba a jima ba wasu ƙofofi suka buɗe. Amurka ta sauya dokarta a 1965 ta fifita masu sana'a da masu dangi a ƙasar, Kanada kuma ta kawo tsarin maki a 1967. Birane irin su New York da Toronto sun fi Landan kusa, albashinsu ya fi tsoka. Siffar ƙaurar ma ta sauya: a da ɗalibai ne ke tafiya su koyo a can, yanzu kuwa ƙwararrun da aka gama horarwa a gida ne ke tafiya. Nauyin karatu ya koma kan talakawan tsibiran masu biyan haraji, amfanin kuma ya tafi wani wuri, abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matsin tattalin arziki ya ƙara ingiza mutane. Jamaika ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1977, shekarun 1980 kuma suka zo da tsuke bakin aljihun gwamnati da faɗuwar darajar kuɗi. Albashi ya zaizaye, kayan aiki suka yi ƙaranci, aka rage ɗaukar ɗalibai. Duk nas ɗin da ta tafi tana barin aikinta a wuyan waɗanda suka rage, gajiya kuma ta sa su ma su fara neman hanya.

Girman giɓin

Wani rahoton Bankin Duniya na 2009 ya ƙiyasta cewa nas-nas kimanin 7,800 ne ke aiki a ƙasashen ƙungiyar haɗin kan yankin, wato CARICOM, masu amfani da Ingilishi, alhali kimanin 21,500 da aka horar a yankin suna Amurka da Birtaniya da Kanada. Wato na waje sun kusa ninka na gida sau uku, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na guraben aikin jinya babu kowa a kansu.

Ƙanƙantar ƙasa tana ƙara wa matsalar tsanani. Jamaika tana da mutane kimanin miliyan 2.8, Barbados ba ta kai 300,000 ba, Saint Kitts da Nevis kuwa kimanin 50,000 ne. A irin waɗannan wurare babban asibiti ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da kowa, kuma nas-nas 'yan ƙalilan ne suka ƙware a ɗakin tiyata ko wankin ƙoda ko kula da masu tsananin ciwo da jarirai bakwaini. Su ne kuma masu ɗaukar ma'aikata na waje suka fi nema. Tafiyar mutum biyar tana iya rufe sashe guda, kuma tare da su malaman da za su horar da na baya ke tafiya. A 2017 ministan lafiya na Jamaika, Christopher Tufton, ya kai kuka gaban Hukumar Lafiya ta Duniya kan yadda rashin irin waɗannan ƙwararru ke sa a ɗage ayyukan tiyata. Bala'o'i ma suna da nasu rabo: aman wutar dutsen tsibirin Montserrat da ya fara a 1995 ya tashi babban birnin Plymouth da asibitinsa, ya kori kusan kashi biyu cikin uku na mutanen tsibirin.

Matakan riƙe ma'aikata

Mataki mafi daɗewa shi ne yarjejeniyar da ke tilasta wa wanda gwamnati ta horar ya yi mata aiki na wasu shekaru ko ya biya diyya. Tasirinsa ya ragu tun da kamfanonin ɗaukar ma'aikata suka fara biyan diyyar da kansu. An kuma gwada haɗin gwiwar yanki: a 1993 aka soma jarrabawar rajista ta bai ɗaya ga ƙasashen CARICOM, a 2001 kuma aka ƙaddamar da shirin tsara ƙaura, wanda ya yarda cewa ba za a hana mutum 'yancin tafiya ba, ya mai da hankali ga gyara yanayin aiki da ƙara horarwa da jawo na waje su dawo ko da na ɗan lokaci ne.

A matakin duniya, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙetare a watan Mayun 2010. Bin su na ganin dama ne. Hukumar tana fitar da jerin ƙasashen da bai kamata a je farautar ma'aikatansu ba. Jerin 2023 ya ƙunshi ƙasashe 55, ciki har da Haiti da wasu tsibiran Fasifik da Nijeriya da Nijar da Gana, amma yawancin tsibiran Karibiyan ba su ciki, domin a lissafin ma'aikata kan yawan jama'a ba su faɗi ƙasa sosai ba.

Sauran giɓin ana cike shi da baƙi. Jamaika ta fara karɓar likitoci da nas-nas daga Kyuba tun shekarun 1970, Tirinidad ta ɗauko daga Kyuba da Filifin, Barbados kuma ta karɓi nas-nas 95 daga Gana a 2020 bayan yarjejeniya tsakanin gwamnatocin biyu. Da haka ƙasar da ake kwashe wa ma'aikata ita ma ta koma kwasowa daga wadda ke da nata ƙarancin.

Halin da ake ciki

Annobar korona ta sa manyan ƙasashe sun ƙara ƙaimi wajen neman nas-nas, tsufan al'ummarsu kuma yana nuna buƙatar ba za ta ragu ba. Ƙaurar tana da amfaninta: kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa sun kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin Jamaika a shekarun nan. Amma kuɗin suna shiga gidaje ne, ba sa tsayar da ma'aikaciya a gefen gadon mara lafiya. Tarihin shekaru fiye da saba'in ya nuna cewa takunkumi bai tsare kowa ba. Abin da gwamnatocin yankin da ƙungiyoyin nas-nas ke nema yanzu shi ne albashi mai riƙe iyali, da damar ƙarin karatu da girma a gida, da kuma yarjejeniyoyin da za su sa ƙasashen da ke amfana su ɗauki rabonsu na kuɗin horarwa.