Siminti ko ƙashi: tarihin taƙaddama kan gwiwar roba

Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin gwiwa har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, likita kan aske saman gaɓar ya ɗora mata ƙarfe da roba. Tambayar da aka shafe fiye da ƙarni ana fama da ita ita ce, da me za a kafa wannan baƙon abu a jikin ƙashi mai rai?

A 1890 Themistocles Gluck na Jamus ya dasa gwiwar hauren giwa, ya liƙa ta da haɗin ƙaro da garin filasta, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata aikin. Sai a ƙarshen shekarun 1950 John Charnley na Ingila ya aro wani sinadari daga likitocin haƙori ya kafa gaɓar ƙugu da shi. Wannan shi ne simintin ƙashi, wanda ke cike gurbin da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi, ya daskare cikin mintuna. Frank Gunston, wanda ya yi aiki da Charnley, ya kai dabarar gwiwa a 1968. A 1974 John Insall da abokan aikinsa a New York suka fito da samfurin Total Condylar, wanda ya zama abin koyi.

Da aka ga ƙashi yana zaizayewa a kewayen wasu dashen, sai aka zargi siminti. A shekarun 1980 David Hungerford na Amurka ya jagoranci ƙera gwiwa mai ƙananan ramuka, domin ƙashi ya tsiro ya kama ta da kansa. Da yawa daga cikin na farko suka yi sako-sako a kan ƙashin ƙwauri. Daga baya bincike ya nuna cewa ɓurɓushin robar da ke gogewa ne babban mai laifi, sai siminti ya dawo da martabarsa.

A yau an farfaɗo da dashe marar siminti da titaniyam mai kama da soso. Yana buƙatar ƙashi mai ƙwari da makonni kafin ya kama, don haka an fi ba masu sauran ƙuruciya. Siminti kuwa yana riƙewa tun ranar tiyata, ya dace da tsofaffi masu raunin ƙashi, kuma shi ne ya fi daɗewa ana gwada shi. Ƙwarin ƙashin majiyyaci ne ke raba gardamar.