Wa ke biyan rauni? Daga zauren malam zuwa kotun Tasawa

Idan yau aka fasa maka kai a kasuwar Mayahi, ko aka kakkarya ka da sanda a bakin gona lokacin sakin dabbobi, ina za ka nufa, kuma wa zai biya ka? Amsar ta sake kama har sau uku a ƙasar nan tamu cikin abin da bai kai shekara 150 ba.

Fara da abin da malamanmu ke karantarwa a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kusan duk almajirin fikihun Malikiyya ya bi ta kansa, ta yi wa rauni lissafi dalla-dalla. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce. Haƙori ɗaya raƙumi 5, yatsa 10. Saran da ya tone ƙashin kai ko na fuska har ya bayyana, shi ne muliha, raƙumi 5. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa ko ya huda ciki, sulusin diyya, kuma a irin waɗannan ba a ramawa ko da gangan aka yi, don kada ramuwa ta zama kisa. Ba a ma yin ƙisasi sai ciwon ya warke an ga inda ya tsaya. Abin lura, duk lissafin nan mai ciwo ne a tsakiyarsa: shi ke nema, shi ke karɓa, shi ke yafewa in ya so. Ba wai haka ake yi a kowane ƙauye ba fa. Katsinawan da suka hauro arewa bayan faɗuwar Katsina a 1807 sun zauna tare da azna masu nasu al'adu, kuma rigima da yawa a ƙofar mai gari take mutuwa.

Sai ga Nasara. Ayarin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa a 1899 da ƙone-ƙone da kisa, har Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, su biyun kuma sojojinsu suka gama da su kwanaki kaɗan bayan haka. Kaburburansu na nan Maijirgi, ka iya zuwa ka gani. Waɗanda suka shigo ta wannan ƙofa su ne suka zo koya mana doka. Dokar Faransa ta 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma, ta ce a bi al'ada muddin ba ta saɓa wa abin da suke kira wayewarsu ba, hukuncin jiki kuma a musanya shi da kaso. A takarda ke nan. A ƙasa, kumandan na da ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba shari'a, bulalar gardi kuwa ba ta da kotun da za a kai ta ƙara. Tambayi tsofaffi labarin aikin dole, za ka ji. Sai 1946 aka soke aikin dole da wannan iko na kumandan, aka kuma karɓe shari'ar laifi daga kotunan ƴan ƙasa aka mayar da kowa ƙarƙashin dokar Faransa.

Bayan samun ƴanci, Nijar ta yi nata kundin hukunta laifi ranar 15 ga Yuli 1961, aka yi masa babban gyara a 2003. Ayarsa ta 222 ta ce wanda ya doki wani ko ya ji masa rauni da gangan, ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2, da tarar jika 10 zuwa jika 100, ko ɗaya daga ciki. Hukuncin na hawa idan da makami ne, ko an yi kwanton ɓauna, ko an rasa ido ko wata gaɓa. Aure, gado da gona an bar wa al'ada. Duka ba a bar mata ba.

To, a nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Tarar nan baitulmalin gwamnati take shiga, ba aljihunka ba. Kuɗin magani da na kwanakin da ka yi kwance, sai ka tsaya gaban alƙali ka nema da bakinka, kuma abin da zai duba shi ne takardar likita mai faɗin kwana nawa ba za ka iya aiki ba. Wanda ya tsaya gida ana gasa masa ciwo da ruwan zafi har ya warke, ya je kotu hannu sake. Shi ma mai duka ya kan zaci in dattawa sun sasanta, an sha fura an yi Fatiha, magana ta ƙare. Sarki da mai gari suna da hurumin sulhu a rigimar gona ko bashi, amma laifin duka na hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, kuma yafewar wanda aka doka ba ta ɗaure masa hannu. Jandarma na iya sallama a ƙofar gida bayan an riga an watse daga zaman sulhun.