Wayar Dare da Barcin Samari a Ƙasar Funtuwa

Duk sanda aka tayar da zancen illar wayar hannu ga yara masu tasowa, hankali kan tafi ga abin da suke kallo. A ganina, babbar ɓarnar tana ga lokacin da suke kallon. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, gona da makaranta da kasuwa sun raba yinin yaro a tsakaninsu. Dare kaɗai ya rage masa, shi ne kuma waya ta cinye.

Masana barci sun tsayar da cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. Yaron da ya karɓo wayarsa wurin mai caji bayan isha'i, ya ƙudundune cikin mayafi yana kallon fim ɗin Indiya mai fassara har ƙarfe ɗaya, sannan aka tashe shi sallar asuba, da ƙyar yake samun rabin haka. Hasken gilashin waya yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke jawo barci, alhali a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana karatun yini. Shi ya sa hadda ke zubewa. Da damina kuwa za ka ga yaron tsakiyar kunyar masara, ya dogare da ƙotar fartanya, idanu jajur. Uban ya ce ragwanci ne, ni kuwa bashin barci nake gani.

Wasu na ganin laifin intanet ne kawai. A watan Satumbar 2021 gwamnatin jiha a ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. 'Yan kasuwar hatsi sun ji jiki ƙwarai. Kallo kuwa bai dogara da sabis ba: fim daga shagon masu turi yake shiga memori, ya bi manhajar Xender daga waya zuwa waya.

Ke nan magani yana ga inda wayar ke kwana, kuma a nan tsarin gidajenmu ya shigo. Budurwa tana cikin gida, uwa na iya cewa "kawo ta nan" idan goma ta yi. Saurayi kuwa da ya balaga sai a mai da shi ɗakin zaure ko shagon ƙofar gida tare da sa'o'insa, inda ba mai leƙawa sai an kira assalatu.